Shekarar da Na Sa wa Masa Haraji

Akwai maganar da na gaji da jin ta a bakinku, ku 'ya'yana, kuma tunda Allah ya sa hannuna ya iya riƙe biro kafin in koma gare shi, bari in gyara ta. Duk sanda aka taru aka tuno zamana na Doha, sai wani a cikinku ya ce mijin yayarku ne ya sa wa masa haraji, ku yi ta ƙyalƙyala dariya, shi kuma bawan Allah ya sunkuyar da kai yana murmushi. Ba shi ba ne. Ni ce. Shi laifinsa ɗaya, kunya, wannan kuwa iyayensa ne suka koya masa, ba zan ce sun yi kuskure ba, sai dai sun cika mudu har ya zuba.

Kun san abin da ya kai ni can. Yayarku ta haihu, na tafi wankan jego da niyyar wata uku, da ƙullin daddawa da kuka da tandar ƙarfe a ƙasan akwati, don ni ba na tafiya in bar tanda, da ita na ciyar da ku shekara talatin a tashar Funtuwa. Ban cika wata biyu ba annoba ta sauko, aka rufe sama aka rufe ƙasa, jirgi ya daina tashi. Sai ga ni a bene hawa na bakwai, ni da yayarku da jariri da suruki, ba mai leƙa waje. Da aka ga zaman zai yi tsawo aka yi mini takardar zama, a dokar ƙasar kuwa dole baƙo ya kasance da wanda ya tsaya masa, kafil suke ce masa. Nawa kafil ɗin surukina ne. Ku duba wannan al'amari. Mutumin da ba ya iya haɗa ido da ni, wanda in ya ji takuna a falo yake faɗawa banɗaki ya tsaya har in wuce, shi hukuma ta rubuta a matsayin ubangidana. Na ce da yayarku ta gaya masa ya yi mulki da adalci.

Tukunyar Juma'a a cikin kullen nan aka haife ta. Sista Rifkatu ce ta kawo maganar, wata nas 'yar Kafanchan, ƙawar yayarku, da ke zaune a unguwar Mansura. Mace ce gajera mai baki kamar reza, shi ya sa jininmu ya haɗu. Ita ta buga waya ta ce mutanenmu da ke unguwar Najma, waɗanda aikinsu ya tsaya, suna kwance shida shida a ɗaki, ba abin da ke shiga cikinsu sai burodin Larabawa da ruwan shayi. Sai ƙungiyarmu ta masu jin Hausa ta yanke cewa duk mai albashi ya riƙa zuba wani abu a akwati ƙarshen wata, kowa gwargwadon samunsa, a sayi shinkafa da mai da kabewa, ni kuma in toya masa da miyar taushe duk Juma'a, a raba a mota. Haka aka yi. Ina toyawa da ƙyallen rufe hanci a fuska, gumi na zuba, har na'urar da ke kukan hayaƙi a rufin kicin ta gaji da ni ta daina kuka.

Shi Malam, haka nake kiran surukin nawa, malamin jami'a ne, tattalin arziki yake koyarwa. Da zaman gida ya ishe shi sai ya buɗe wa matasan garinsu darasi ta waya, da Hausa, duk Talata da Alhamis bayan la'asar, yana zaune a falo shi kaɗai yana magana da na'ura kamar mai aljanu. Ni kuwa kun san ban shiga aji ba sai da na aurar da uku a cikinku, makarantar yaƙi da jahilci, malamarmu ma sa'ar autana ce. Wanda ya fara karatu da furfura yunwarsa daban ce, ba ya jin ana koyarwa ya wuce. Zama a falo da suruki kuwa ba zai yiwu ba. Sai na ja 'yar kujera bayan ƙofar kicin, na bar ƙofar a ɗan buɗe, littafi a cinya. Darasi goma ya yi a kan haraji. Ko bai san yana da ɗaliba a bayan ƙofa ba, ko ya sani ya yi kamar bai sani ba, oho, amma na lura daga mako na biyu ya fara ɗaga murya yana maimaita wurare masu wuya. Ya ce manyan haraji iri biyu ne. Akwai wanda ake yanka daga albashi tun kafin ya shiga aljihunka, akwai wanda ake ɗorawa kan abin da ka saya. Ya ce akwai masanan da ke ganin a soke na albashi ɗungurungum a ƙasa, a bar na saye kawai, domin mutum na iya ɓoye abin da yake samu, amma ba ya iya ɓoye abin da ya ɗauka a gaban mai shago. Wanda ya kashe da yawa ya biya da yawa. Wallahi maganar ta shige ni har ƙashi. Ni da na shekara talatin ina kallon masu tikitin haraji suna tsallake Alhaji mai tireloli su faɗo kaina, don ni ce ba ni da inda zan ɓoye tanda. Na rubuta da manyan baƙaƙe, na ja layi biyu a ƙasa: samu yana ɓuya, ci ba ya ɓuya.

Da annoba ta lafa aka yarda mutane su taru, sai tukunyar ta tashi daga rabo a mota ta koma zama. Duk Juma'a, bayan mu mun sauko daga masallaci, 'yan uwanmu Kirista sun taso daga coci, don can Juma'a ce ranar hutun kowa, sai a haɗu a tsakar gidan Dakta Bashir, wani babban likita da gidansa ke da fili. A shimfiɗa tabarmi, likita da injiniya da nas da mai gadi kowa ya naɗe ƙafa. A nan na san Iliya. Mutumin Bauci ne, ya haura hamsin, ƙato, aikinsa gyaran na'urar sanyaya ɗaki, yana hawa rufin benaye cikin zafin da ke narka takalmi don wasu su kwanta da bargo. A Najma yake. Ban taɓa ganin mai girmama abinci kamarsa ba. Zai kwance agogo, ya wanke hannu har gwiwa, ya gyara zama, sannan ya ɗaga murya:

"Inna, a sako su, kada su huce a banza!"

Duk mai sana'ar abinci ta san irin wannan mutum ɗaya take jira a rana. In Iliya na ci, sai ka ji ba ka yi zufa a banza ba.

Sai akwati ya fara ramewa. Ba wanda ke tambayar kowa takardar albashi, abin kunya ne, an bar kowa da Allah. To, ƙananan ma'aikata ba su da ƙaryar yi, kowa ya san abin da mai gadi ke ɗauka. Manyan ne albashinsu ke ƙanƙancewa a baki kowane wata. Dakta Bashir ya sayi mota mai girman ɗakin amarya, a watan ne kuma ya ce an rage musu alawus. Wani injiniyan iskar gas ya ce shi duk nasa gida yake turawa, alhali matarsa in ta ɗaga hannu ta gaishe ka sai ƙarar awarwaron zinare ta hana ka jin gaisuwar. Na fara sayen mai da kuɗin da yayarku ke ba ni na goro. Raina ya ɓaci. Ranar da aka kira taro a kan maganar, farkon shekarar da za a yi gasar ƙwallon duniya a ƙasar, maza suna ta kewaye-kewaye, na ajiye ludayi na miƙe.

"Ku saurara. Tunda albashinku ya iya ɓuya, a bar shi ya ɓuya. A soke zubin wata. Daga yau kowa ya biya gwargwadon abin da ya ci. Samu yana ɓuya, ci ba ya ɓuya. Haka masana suka ce."

Kowa ya san a gidan wa nake, don haka duk idanu suka koma kan Malam. Dakta Bashir ya gyara gilashi.

"Malam, kai ne masanin abin. Me ka gani?"

Malam ya kalli tabarma. Ya daɗe yana kallonta kamar an rubuta amsar a jikin kabar. Sannan ya ce can ƙasa-ƙasa:

"Ai... Inna ta yi magana."

Shi ke nan. Jama'a suka ɗauka masani ya sa hannu. Mutum ɗaya ce ta yi gardama, Sista Rifkatu.

"Inna, tsaya. A wajen nan wa ya fi cin masa?"

"Mai kuɗi mana. Ni za ki koya wa masa? A tasha Alhazai da kwano suke aikowa, talaka guda uku yake saya."

"Wannan tashar Funtuwa ce."

"Ciki ɗaya ne, Rifkatu, ko a Funtuwa ko a Makka."

Dakta Bashir ne ya fara tafi. Da ina da wayon da nake taƙama da shi, da tafin nan kaɗai ya ishe ni gargaɗi.

Ni na tsara yadda za a yi, kuma a lokacin har alfahari na yi. Ba ciniki muke ba, don haka ba za a miƙa kuɗi a karɓi abinci ba. Sai na sayo tsinken sakace fakiti-fakiti, kowace masa na soka mata ɗaya. Ka ci iya cinka, in ka gama ka kawo tsinkayenka, kowane tsinke riyal biyu a akwati. Miya kyauta. Juma'ar farko na ɗaura sabon ɗankwali na zauna kusa da akwati ina jiran manya. Dakta Bashir ya ɗauki masa ɗaya, ya raba ta biyu, ya aika wa matarsa rabi.

"Sukari, Inna. Likita ya hana."

"Ba kai ne likitan ba?"

"Shi ya sa nake jin maganarsa."

Injiniya ya ce hawan jini, ba ya cin mai. Wani malamin jami'a, ba namu na gida ba, ya ce shi kullum da yamma yana zagaya Kwanish, bakin tekun nan, don ya rage tumbi, ba zai rusa aikin mako a zama ɗaya ba. Ashe arzikin ƙasar nan da dokar bakinsa yake zuwa. Dukansu a haɗe ba su ci abin da mai gadi ɗaya ya ci ba. Dakta ya jefa riyal biyu, ya koma gefe yana sakace da tsinkensa guda, cikin kwanciyar hankali. Iliya kuwa ya zo ya jera tsinke goma sha uku a gabana, ya biya yana dariya.

"Inna, ashe ni ne attajirin Doha ban sani ba."

Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi, Allah ya yafe mini.

Ba a yi wata ba mutane suka koyi dabara. Matar injiniya ta fara zuwa da burodinta a jaka tana tsomawa a miya, tunda miya ba ta da tsinke. Wasu suka koma shan miya zalla da cokali kamar marasa lafiya. Wani na kama shi ya soke tsinke biyu a cikin hularsa. Maimakon in gane, sai na ƙara tsananta tsaro. Na daina zama kusa da akwati, na koma tsayawa a kan mutane, idona na bin kowace loma daga faranti zuwa baki, leɓena na motsi. Ni da uwata ta koya mini cewa ƙirga wa baƙo loma ya fi hana shi abinci muni. Na zama mai tikitin da na tsana, har da harara. Iliya bai taɓa ɓoye tsinke ba. Sai dai sha uku ta koma shida, shida ta koma uku. Ya daina kwance agogo. Wata Juma'a ya ce ya ci a gida, ya zauna yana kallon wasu na ci yana ba da labari. Juma'a ta gaba bai zo ba. Mutanen Najma suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya yi faɗa, ba wanda ya yi ƙorafi, kowa ya ce aiki ne ya yi yawa.

Rifkatu ta same ni a kicin ina wanke shinkafa rabin wadda na saba.

"Inna, kin san me Iliya ke ci ranar Juma'a yanzu? Burodi da shayi. Irin wanda muka tashi tsaye don mu raba shi da shi."

"Ni na kore shi?"

"Yana da 'ya'ya mata huɗu a makaranta. Ya ce masarki ta zama maganin asibiti, sai da takardar likita. Kuma ba kuɗin ne ya fi damunsa ba. Ya ce in yana ci yana jin idonki a maƙogwaronsa."

Na zage ta, ta rama, ta tafi. Amma maganar ta zauna mini a ƙirji kamar ɗanyen wake. Da la'asar, da na ji Malam ya shigo falo, na yi abin da ban taɓa yi ba. Na tsaya bayan ƙofar kicin na yi gyaran murya.

"Malam."

Na ji kofi ya faɗi.

"Na'am, Inna."

"Harajin nan naka na saye, wa yake ci?"

Sai ya yi bayani yana in'ina, ni ina magana da ƙofa, shi yana magana da bango. Ya ce talaka duk abin da ya samu kashewa yake, don haka duk samunsa haraji ke taɓawa. Mai kuɗi kuwa ɗan kaɗan yake kashewa daga nasa, sauran yana kwance ba abin da ya same shi. Ya ce shi ya sa masu hankali in za su yi irin wannan haraji, abinci suke fara cirewa daga ciki.

"Ni kuma da abinci na fara."

"Haka ne, Inna."

"Me ya sa ban ji wannan a darasinka ba?"

"Darasi na tara ne. Ranar da aka kai ku gwajin annoba na hanci."

Ashe ya san da ni a bayan ƙofa, har ya san ranar da na yi fashi.

"To me ya hana ka faɗa a wajen taro?"

"Inna, a gaban jama'a? In ce ba ku yi daidai ba?"

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni na ji darasi tara cikin goma, na ɗauki taran na rataya wa bayin Allah a wuya, wanda zai kwance kuma kunya ta ɗaure masa baki.

Juma'ar da ta biyo baya na miƙe a gaban kowa na ce na yi kuskure, a koma tsarin da. Kun san ni, faɗin haka ya fi mini cire haƙori zafi. Sai ga manya sun zama masoyana. Dakta Bashir ya ce a'a, Inna, kada ki raina hikimar da Allah ya ba ki, samu yana ɓuya, ci ba ya ɓuya. Da bakina ya mare ni. Aka ce a ɗaga hannu. Waɗanda za su ɗaga mini suna Najma suna shan shayi. Ni da Rifkatu muka ɗaga, Malam ya ɗaga nasa iya kunnensa kamar mai korar ƙuda. Aka kayar da mu. Haka na yi ta toya masa wata da watanni, 'yar kaɗan, ina ciyar da ƙosassu masu tsoron mai.

Sai ƙwallo ta zo. Garin ya cika maƙil, tutoci ko'ina, jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa ba masaka tsinke, Kwanish an hana mota sai ƙafa. Mu ƙasarmu ba ta ma samu zuwa ba, amma wannan bai hana 'yan uwa zuwa ba. Duk wanda ke da ɗan uwa mai falo a Doha ya tuna da zumunci. Dakta Bashir ya wayi gari da ƙanne da 'ya'yan yayye da abokan ƙanne cike da gida, daga Kano, daga Kaduna, har da wasu dangin matarsa daga zangon Kumasi da suka zo mara wa ƙasarsu baya. Injiniya ma haka. Majiya ƙarfi, suna yini suna yawo suna ihu, su dawo da yunwar da ba ta san sukari ba. Ranar Juma'a duk aka kwaso su wajen masa. Mai masauki ba zai bar baƙo ya biya ba, kuma ba zai ce masa ci kaɗan ba. Da aka tashi, tsinkayen gidan Dakta da za a ɗaure su da sun yi tsintsiya. Ya biya yana murmushin da bai wuce haƙori ba.

Na ce to, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Cikin makon na sa Rifkatu ta raka ni wani shagon Indiyawa a Mansura, inda na taɓa ganin wata tanda tasu mai ƙananan gurabe. Masar da ke fitowa a cikinta ba ta fi lemon tsami girma ba. Na saya. Juma'a ta biyu na kwaɓa ƙullu bokiti uku, na sa nono da 'yar albasa, na toya su jajir, kowace 'yar mitsitsiya da tsinkenta. Baƙin suka riƙa watsawa a baki uku uku.

"Kai, Hajiya, wannan ai ba a jin wucewarta!"

"Ku ci, 'ya'yana, gidan babanku ne. Yalla, maza a ƙaro musu!"

Dakta yana tsaye yana kallon tsinkaye na taruwa, gumi na keto masa cikin sanyin hunturu. Ba a gama wanke hannu ba ya kira taron gaggawa a bayan motarsa, inda baƙi ba za su ji ba. Ya ce bisa la'akari da halin da ake ciki, yana ganin a dakatar da tsarin tsinke zuwa a gama ƙwallo.

"Dakatarwa? Da Iliya ke biyan sha uku ban ji ka ce a dakatar ba."

"Inna, wannan lalura ce."

"Yunwar mutanen Najma kuma ado ce? Ko a soke shi har abada a koma zubin albashi, ko a bar shi yadda yake. Kuma ka sani na ga wata tandar da ta fi wannan ƙanana."

Ya juya wajen Malam yana neman ceto.

"Malam, kai ne masani, ka sa baki mana."

Malam ya kalli tayar mota.

"Ai Inna ta yi magana."

A ranar aka soke. Aka koma zubin wata. Za ku tambaya ko manyan sun daina ƙarya. Ba su daina ba, sun dai rage, don mun ɗora Rifkatu a kan akwati, in ta ji ambulan ba nauyi sai ta yi tari. Bayan annobar nan kuwa, in nas ta yi tari kowa sai ya waiwayo. Ba mai son a waiwayo a kansa sau biyu.

Mutanen Najma suka fara dawowa, amma ban da Iliya. Na aika, ya ce yana gaisuwa. Na sake aikawa, ya ce aiki. Sai Rifkatu ta gaya mini kwangilarsu ta ƙare da ƙwallon, ranar Talata zai koma gida gaba ɗaya. Ba sauran wata Juma'a. Ranar Lahadi da hantsi na toya masa a tsohuwar tandata, manya, na cika kula, na zuba miya a wata. Muka shiga jirgin ƙasa ni da Rifkatu, cikin Turawa da 'yan Maroko masu fenti a fuska, ina rungume da kula kamar jariri. Mace ba ta shiga masaukinsu, don haka muka zauna a wani ɗan shagon shayi na wani Ba'indiye a ƙasan benen, aka kira shi. Ya sauko, ya rame, ya gaishe ni da ladabi irin wanda ake yi wa wanda ba a saba da shi ba. Wannan ladabin ya fi zagi ciwo.

"Iliya, na zo ban haƙuri. Na yi maka wauta da ilimin bayan ƙofa."

"Haba Inna, ba komai. Doka ce, kowa ya bi."

"Ba doka ba ce, ni ce. Ka ci abinci."

Na buɗe kula. Ya leƙa, ya juya masa ɗaya, ya juya wata.

"Ina tsinkayen?"

"Iliya, kada ka sa in yi kuka a gaban Ba'indiye."

Ya yi dariya, irin tasa ta da, har mai shagon ya leƙo. Ya kwance agogo ya ajiye a kan tebur, ya nemi ruwa ya wanke hannu har gwiwa. Ya fara ci. Raina ya yi fari, ina kallonsa, ina jin daɗi. Can sai ya tsaya da loma a hannu.

"Inna."

"Na'am?"

"Leɓenki na motsi."

Wallahi ban sani ba. Wata goma ina yi, bakin ya saba, na riga na kai bakwai. Rifkatu ta kifa kai a tebur tana dariya har da hawaye. Ni ban yi dariya ba. Na miƙe, na ɗaga kujerata, na juya ta, na zauna na fuskanci bango, hancina kusa da kalandar mai shago. Na toshe kunnuwana da gefen mayafi don kada in ƙirga ƙarar cokali. Na ce in ya gama a taɓa ni.

An daɗe ba a taɓa ni ba. Da na juyo, kula a rufe take, Iliya yana ɗaura agogo, kuma Rifkatu ta riga ta karɓe kular ta ce ita za ta riƙe har gida, ba zan ji nauyinta ba balle in yi lissafi. Ya tafi ranar Talata. Har yau ban san nawa ya ci ba, kuma duk cikin karatun da na yi da tsufana, wannan rashin sanin ne na fi wahala kafin in samu.